Tarihin Taraba a Ƙofar Gadon Ƙaya

Yau tarihi za mu taɓa, kuma tun kafin in yi nisa ina neman afuwar mutanen Kano, domin zan yi magana a kan garinsu da idon baƙo, baƙon ma wanda ya fito daga ƙasar da kakanninsu suka taɓa ɗanɗana kuɗa a hannunta.

Tun da na dawo gida na zauna a nan Mayo Gwoi nake lura da wani abu. In ka yi baƙo ya ce a kai shi ya ga kayan tarihi, sai a nuna masa fadar Sarkin Muri da babban masallaci, daga nan magana ta ƙare. Dalili kuwa shi ne Jalingo yarinya ce a cikin garuruwa, domin sai a 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa ta, kuma sai a 1991 ta zama babban birnin jiha. Wannan ya sa yara da yawa ke ɗauka ƙasar nan ba ta da wani dogon labari. To ni dai na ga wani sashe na labarin da idona, amma a cikin birnin Kano na gan shi.

Jagoran da ya zaga da ni dattijo ne ɗan cikin gari, mai raha, wanda ya san kowane lungu kamar tafin hannunsa. Da dutsen Dala muka fara. Daga samansa ya nuna mini yadda birni ya shimfiɗu, ya ba ni labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda littafin Tarihin Kano ya sa a shekara ta 999. Ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala, sa'an nan sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta.

Daga nan muka sauka zuwa abubuwan da suka danganci Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Mun shiga Gidan Makama, inda ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi. A can na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, na kuma ɗaga kai na kalli rufin azara da bakan gizo irin na maginan da. Mun tsaya a Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, muka yi azahar a babban masallacin da ke kusa, wanda gininsa na yanzu aikin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, muka kuma ratsa kasuwar Kurmi, ita ma Rumfa ya kafa ta. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya zo Kano har ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake riƙon jama'a. Duk waɗannan kowa ya je Kano zai ji su, shi ya sa ba zan tsawaita ba.

Inda tafiyar ta sauya shi ne lokacin da Malam ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Taraba, sai ya tsaya ya dube ni, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ashe ku ne! To hau mota, akwai ƙofar da ya kamata ka gani." Ya kai ni Ƙofar Gadon Ƙaya.

Ga abin da Tarihin Kano ya rubuta, wato littafin nan na Larabci da Baturen mulki Palmer ya fassara ya buga a 1908. Tun zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ake ambaton Kwararrafa, wata daula mai ƙarfi a kudu maso gabas, wajen kogin Binuwai. A zamanin ɗansa Kananeji Kano ce a sama, har ciniki ya ƙullu: Kano na aika dawaki, Kwararrafa na aiko bayi. Da muka zo nan Malam ya ce, "Ka ga, mu muka sayar musu da abin hawan da suka zo suka same mu da shi." Domin kuwa bayan kamar shekara ɗari biyu reshe ya juye da mujiya. A zamanin Muhammadu Zaki, 1582 zuwa 1618, Kwararrafawa suka kawo yaƙi har Kanawa suka bar gari suka nufi Daura. Suka sake dawowa wajen 1653, zamanin Muhammadu Kukuna, suka karya ɗaya daga cikin ƙofofin birni. Sa'an nan wajen 1671, zamanin Sarki Dadi, suka shiga ta wannan Ƙofar Gadon Ƙaya, suka yi ɓarna mai yawa, suka kutsa har wajen Kurmi. Ba Kano kaɗai ba, Katsina da Zazzau da Barno duk sun ji a jikinsu.

Yanzu mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Daular da ta iya tara runduna ta keta wannan nisa, ta fasa birni mai ganuwa har sau da dama, ai ba ƙaramar daula ba ce. To amma ina fadarta? Ina ƙofofinta? Jukunawan Wukari ƙarƙashin Aku Uka su ake ɗauka magadanta, kuma suna riƙe da sarauta da al'adu da labarin baka, amma har yau masana na jayayya a kan ainihin wurin da babban birninta yake. Kusan duk abin da aka sani mai shekara da sunan sarki, daga alƙalamin waɗanda ta yaƙa ya fito. Kanawa sun gina da tubali, sun kuma rubuta, shi ya sa ko labarin kayen da suka sha a hannunsu yake. Ke nan badalar Kano ma'ajiya ce ta tarihin Taraba.

Abin baƙin ciki, ma'ajiyar tana zubewa. A da, gyaran badala aikin gayya ne, bayan damina a fito a yi yaɓe. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 ganuwa ta daina zama garkuwa, gayyar ma ta mutu. Na ga inda ruwan sama ya cinye ta ta koma tudu, na ga inda aka ɗebe ƙasarta, na ga inda shaguna da gidaje suka hau kanta. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, darajar da Sukur ta Adamawa ta samu tun 1999. Neman suna daban, riƙon amana daban. Lokacin da nake Ingila na sha wucewa ta gefen guntun ganuwar da Rumawa suka gina a Landan wajen shekara ta 200. Ba ta kai ko kusa da badala girma ba, amma an killace ta, an kafa allo mai bayani, ana kai 'yan makaranta. Ba kuɗi kaɗai ba ne bambancin, har da sanin darajar abu.

Kada kuma mu tsaya nuna Kano da yatsa, domin laifi tudu ne. Ga Kona nan kusa da mu, garin Jukunawa wanda ya daɗe yana gagarar Muri, sai a watan Disamban 1892 Sarki Nya ya ci shi da taimakon igwar wani hafsan Faransa mai suna Mizon, wanda ya hauro Binuwai yana takara da kamfanin Ingila na Royal Niger. Bayan faɗuwar Kona ne aka kafa Jalingo. Wannan labari ne mai ɗaci ga wasu, mai alfahari ga wasu, amma na dukkanmu ne, kuma shekarunsa ba su wuce zamanin kakannin kakanninmu ba. Yara nawa ne a Mayo Gwoi aka taɓa kaiwa Kona, ko tsohon garin Muri da Hammaruwa ya kafa a 1817, aka zaunar da su gaban dattijo ya ba su labari?

Shawarata ƙarama ce. Duk mai tsoho a gida ya ɗauki wayarsa ya naɗi muryarsa tun yana raye, ya tambaye shi daga ina aka taso, wa ya kafa unguwa, ina aka binne wane. Malaman makaranta su kai ɗalibai waɗannan wurare ko sau ɗaya a shekara, a kuma ji bakin kowane ɓangare. In ba haka ba, jikokinmu ma sai sun je garin wasu kafin su ji labarin gidansu, in ma sun tarar da ƙofar a tsaye ke nan.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Wassalam.