Crowland: Ƙauyen da Ya Tsiro a Fadama da Cocin da Ya Rage Masa

A gabashin Ingila, a kudancin yankin Lincolnshire, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da ake kira Fens. Yau gonakin dankali da alkama ne iya ganin ido. Amma shekaru 1,300 da suka wuce fadama ce mai baƙin ruwa da dogayen ciyayi, sai 'yan tsibirai jefi-jefi. A kan ɗaya daga cikinsu Crowland ya kafu.

Wanda ya fara zama a wurin bai je kafa gari ba, gudun mutane ya yi. Guthlac ɗan sarauta ne daga masarautar Mercia. Ya yi shekara 9 yana jagorantar mayaƙa suna kai hare-hare, sannan yana da shekara 24 ya ajiye takobi ya shiga gidan zuhudu na Repton. Bayan shekara 2 ya ga ko can ma hayaniya ta yi masa yawa. Wani mutumin yankin mai suna Tatwine ya ɗauke shi a kwalekwale ya sauke shi a tsibirin a watan Agusta na 699, ranar tunawa da Manzo Bartalamawus. Ya yi bukka a gefen wani tsohon tudun kabari, ya sa fata a jiki, abincinsa gutsuren gurasar sha'ir da ruwa mai laka, shi ma sai bayan faɗuwar rana.

Felix, wanda ya rubuta tarihinsa ba da daɗewa da rasuwarsa ba, ya ce aljanu sun riƙa jan sa cikin taɓo da ƙaya. Wasu masana na yanzu suna ganin zazzaɓin cizon sauro ne, wanda a lokacin ya yi katutu a fadamun Ingila. Duk wanda masassara ta taɓa kayarwa da dare ba zai yi wa wannan bayani musu da sauri ba. Ko ma mene ne, mutumin ya jure har ya rasu ranar 11 ga Afrilu, 714.

Cikin masu zuwa neman addu'arsa akwai Aethelbald, ɗan gidan sarautar Mercia da ke gudun hijira. Guthlac ya ce masa zai hau gadon sarauta, kuma a 716 hakan ta faru. Labarin da 'yan zuhudun Crowland suka riƙe shi ne sarkin ya gina musu gida a wurin don godiya, ko da yake masana tarihi sun gano takardar da ake kafa hujja da ita daga baya aka ƙirƙire ta. Abin da ya fi tabbata shi ne a ƙarni na 10 gidan ya tsaya da ƙafarsa a kan tsarin zuhudu na Benedict, a hannun shugabansa Turketul.

Daga nan gari ya taru a gindinsa: masunta, masu kamun agwagwar ruwa, masu yankan ciyawar rufi, masu tuƙa jirgi. A lokacin titunan garin ruwa ne. Har karin magana aka yi cewa duk keken dokin da ya shigo Crowland ƙafafunsa na azurfa ne, wato babu mai shigowa ko ɗaya. Shaidar wannan zamani tana nan a tsakiyar gari: gadar Trinity, ta ƙarni na 14, mai baki uku da suka haɗu a sama, inda kogin Welland ya rabu biyu. An karkatar da ruwan tuntuni, gadar tana tsaye a kan busasshiyar ƙasa, mutane na wucewa ta ƙarƙashinta da ƙafa.

Ginin gidan zuhudun kuwa ya sha wuya. Gobara ta cinye shi a 1091, ta haɗa da ɗakin littattafai. Aka sake ginawa, girgizar ƙasa ta tsaga shi, wata gobarar ta biyo baya. Duk da haka gidan ya yi arziki da filaye da ulun tumaki da sadakar masu ziyarar kabarin Guthlac, kuma littafin tarihin da aka rubuta a can yana cikin manyan madogaran da ake da su kan mulkin Richard na Uku.

A duk wannan daula, talakawan gari sashe ɗaya na cocin gidan aka ware musu, baranda ta arewa, nan suke baftisma da ɗaurin aure da jana'iza. Wannan sashen ne ya fi ɗaukar hankalina. Da Henry na Takwas ya rushe gidajen zuhudu, Crowland ya miƙa wuya a 1539. Aka rusa gabashin ginin da ɗakunan 'yan zuhudu, aka kwashe duwatsu, amma aka bar wa mutanen gari babban zauren da barandunsa. A 1643, lokacin yaƙin basasa, magoya bayan sarki suka mai da shi sansani, sojojin majalisa suka yi masa ruwan igwa. Rufin zauren ya rufta a 1720, daga baya aka sauke baranda ta kudu aka yi gyara da duwatsunta.

Baranda ta arewa ba ta faɗi ba, domin tana da masu ita, masu liƙe yoyo da biyan magina daga aljihunsu. Ita ce cocin ikilisiyar Crowland har yau, da hasumiyarta ta ƙarni na 15 da ƙararrawarta. A jikinta bangon yamma na tsohon zauren yake tsaye ba rufi, jere da gumakan waliyyai da sarakuna da iska ta cinye fuskokinsu. A saman ƙofar akwai sassaƙa mai kama da ganye huɗu, tana nuna rayuwar Guthlac tun daga saukarsa a kwalekwale.

Yashe fadamar, wanda aka ɗauka gadan-gadan tun ƙarni na 17, ya sauya sana'ar garin gaba ɗaya. Jikokin masunta suka koma manoma, ƙasar ta bushe ta lotsa, har kogin Welland ya zama sai an tare shi da manyan ganuwoyin ƙasa. A ambaliyar 1947 ganuwar ta ɓalle kusa da garin, ruwa ya sake mamaye gonakin da ke kewaye da Crowland.