Wasan bolin da danginsa: me ya sa kowane yanki na duniya yake da irin nasa

Bolin wasa ne da ake gangara ƙwallo mai nauyi bisa dogon dandamalin katako mai santsi, don a kayar da wasu itatuwa masu siffar kwalba da aka jera a ƙarshensa. Yana da dangi na kusa, wato wasannin da ake jifa ko gangara ƙwallo domin ya kusanci wani ɗan ƙaramin ƙwallo, irin su petank da aka sani a Nijar. Kowane yanki na duniya ya riƙe nasa, kuma abubuwa uku ne suka fi kawo wannan rabuwa: ƙaurar jama'a, mulkin mallaka, da kuɗin gina wurin wasa.

Amurka da Kanada

Bolin mai kwalabe goma, wanda ake gani a finafinai, a Amurka ya girma. Tsawon dandamalin daga layin jifa zuwa kwalbar farko ya ɗan haura mita 18, ƙwallon ba ya wuce kilo 7.26, maki mafi yawa a wasa ɗaya kuwa 300 ne. Baƙi daga Turai, musamman Jamusawa, su suka yaɗa wasan, shi ya sa ya fi kafuwa a biranen masana'antu irin su Milwaukee, Detroit da St. Louis. Da farko kwalabe tara ake jerawa, har jihar Connecticut ta haramta wannan nau'i a 1841 saboda caca. A 1895 aka kafa ƙungiyar American Bowling Congress a New York, ta daidaita ƙa'idoji.

Na'urar da ke sake jera kwalabe da kanta ta shigo a farkon shekarun 1950, ta maye gurbin yaran da ke wannan aiki, gidajen wasa suka yawaita. Ma'aikatan kamfanoni da ƴan coci ɗaya sukan kafa ƙungiya, su kara da juna kowane mako. A ƙarshen shekarun 1970 masu rajista sun kai kimanin miliyan 9, yau ba su kai miliyan 2 ba. Masanin siyasa Robert Putnam ya ɗauki wannan raguwa a matsayin alamar sanyin zumunci tsakanin Amurkawa, a littafinsa Bowling Alone na shekarar 2000.

Ko a cikin wannan yanki akwai bambanci. A jihar Massachusetts da maƙwabtanta ana wasa da siraran kwalabe da ƙaramin ƙwallo marar ramin yatsu. A Kanada kuma akwai mai kwalabe biyar, wanda Thomas Ryan ya ƙirƙiro a Toronto wajen 1909.

Asiya

Japan ta rungumi bolin irin na Amurka da zafi: a 1972 gidajen wasan sun haura 3,000, amma bayan tsadar man fetur ta 1973 akasarinsu suka rufe. Koriya ta Kudu, Malesiya, Singafo da Filifin suna da ƙwararru. Paeng Nepomuceno na Filifin ya ci kofin duniya sau huɗu tsakanin 1976 da 1996. Wasan ya shiga gasar ƙasashen Asiya a 1978, an kuma nuna shi a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, sai dai har yanzu bai shiga jerin wasannin Olamfik na dindindin ba.

Turai

A Jamus, Ostiriya, Hangari da Kuroshiya, tsohon nau'in mai kwalabe tara yana nan da ƙarfinsa. A Ingila kuwa bisa ciyawa ake gangara ƙwallon, wanda aka sassaƙa gefensa guda don ya riƙa lanƙwasa a tafiyarsa. Filin birnin Southampton ana amfani da shi tun 1299. Turawan Ingila sun kai wannan wasa Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu, kuma yana cikin gasar ƙasashe renon Ingila tun 1930.

Petank da ƙasashe renon Faransa

An haifi petank a garin La Ciotat kusa da Marseille wajen 1907. Kafin nan mai jifa sai ya yi taku da gudu. Da ciwon gaɓoɓi ya hana wani ɗan wasa mai suna Jules Lenoir yin haka, sai aka sauƙaƙa: a tsaya wuri ɗaya, ƙafafu a kafe. Bul ɗin ƙarfe ne mai nauyin giram 650 zuwa 800, ana jefa ɗan ƙwallon itace nisan mita 6 zuwa 10, ɓangaren da ya riga kai maki 13 shi ya ci. An kafa ƙungiyar wasan ta duniya a Marseille a 1958.

Sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka ne suka kawo shi Afirka, ya kuwa zauna daram. Madagaska ta zama zakaran duniya a 1999 da 2016, Tunisiya ma ta sha ɗaukar kambun. A watan Satumban 2023 Jamhuriyar Benin ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Kwatano, inda Tailan ta yi nasara a wasan maza na mutum uku-uku.

Dalilin bunƙasarsa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa a fili yake. Gidan bolin yana bukatar gini, na'urori daga waje, wutar lantarki da ba ta yankewa, da jama'ar da ke iya biyan kuɗin shiga, don haka a Afirka ba a cika ganinsa ba sai a manyan kantuna da otal-otal na biranen ƙasashe irin su Masar da Afirka ta Kudu. Petank kuwa fili mai tsakuwa ko ƙasa mai tauri ya ishe shi, da inuwar bedi, da bul da ke shekaru ba su lalace ba. Saurayi da dattijo na iya karawa a fili guda, kuma ba a biyan ko dala kafin a shiga.