Uwa a Gaban Alƙali: Tarihin Wani Kuskure na Likitocin Ƙwaƙwalwa



Abin da zan yi magana a kansa yau wani yanki ne na tarihin likitancin ƙwaƙwalwa a Amurka da Turai, watau yadda aka yi shekara kusan talatin ana tuhumar iyaye mata da jawo wa 'ya'yansu wata lalura wadda ba su da hannu a cikinta ko kaɗan. Masu tuhumar nan manyan masana ne na manyan jami'o'i, kuma da yawansu da kyakkyawar niyya suka yi. Dalilin da ya sa ke nan na ga labarin ya cancanci a kawo shi gaban waɗanda gobe za su riƙe asibitoci da makarantu da ofisoshin jin daɗin jama'a.

Lalurar ita ce wadda likitoci ke kira otizim. Gidajen rediyonmu sukan fassara ta da galahanga, ko da yake wannan kalma ta fi faɗi, domin akan jefa wasu larurorin dabam a cikinta. Yaron da ke da otizim yakan yi wuyar cuɗanya da mutane. Sau da yawa ba ya haɗa ido, wani ba ya magana sam, wani kuwa ya yi ta maimaita abin da aka faɗa masa. Yakan so komai ya zauna yadda ya saba ganinsa, har idan aka kawar da kujera daga wurinta sai hankalinsa ya tashi. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya yaɗa kalmar a 1911 daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", amma shi manyan masu taɓin hankali yake siffantawa da ita. A Mosko, likita Grunya Sukhareva ta bayyana yara maza 6 masu irin wannan hali tun 1925, sai dai aikinta ya daɗe ba a waiwaye shi ba.

Wanda duniya ta saurara shi ne Leo Kanner, Bayahude haifaffen daular Ostiriya, wanda ya yi karatu a Balin, ya ƙaura Amurka a 1924, ya buɗe sashen ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a 1930. A 1938 wani lauya daga ƙaramin garin Forest na jihar Misisifi ya aiko masa da wasiƙa mai shafi 33 a kan ɗansa Donald, mai shekara biyar. Yaron tun yana ɗan shekara biyu ya haddace dogayen nassoshi na coci, amma in an kira sunansa ba ya waiwaye. Babban abin shagalarsa shi ne ya sami murfin tukunya ko wani abu mai da'ira ya yi ta juya shi a ƙasa, kuma in zai ce "ni" sai ya ce "kai". A 1943 Kanner ya buga maƙala a kan yara 11 irin Donald, maza 8 da mata 3.

A nan ne bakin zaren yake, don haka sai mu ɗan dakata. A ƙarshen maƙalar Kanner ya faɗi abu biyu waɗanda ba su jitu da juna ba. Na farko, ya ce yaran nan da halinsu aka haife su, tun da alamun sun bayyana tun suna goye. Na biyu kuwa, ya lura cewa iyayen masu zurfin ilmi ne ƙwarai, huɗu daga cikin iyaye mazan ma likitocin ƙwaƙwalwa ne, tara daga cikin matan sun gama jami'a, sa'an nan ya ƙara da cewa da ƙyar ya ga mai sakin fuska da nuna ƙauna a cikinsu. Zancen farko shi ne daidai, amma na biyu shi ne ya yi kasuwa. A 1949 Kanner da kansa ya kwatanta yaran da abin da aka adana cikin firjin da ba ya narkewa, daga nan laƙabin "uwa firji" ya shiga bakin likitoci da 'yan jarida. Abin mamaki, mutumin nan shi ne a 1941 ya wallafa littafi sukutum don kare iyaye mata daga masanan da ke tsorata su.

Me ya sa zancen na biyu ya rinjaya? Zamanin ne ya ba shi ƙasa mai taki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, koyarwar Sigmund Freud, wadda ke neman asalin kowace damuwar zuciya a cikin abin da ya gudana tsakanin yaro da iyayensa, ita ke jan ragamar sassan ƙwaƙwalwa na jami'o'in Amurka. A 1948 Frieda Fromm-Reichmann ta riga ta ɗora wa uwa alhakin wani nau'in taɓin hankali na manya. Bugu da ƙari, ra'ayin yana da wani armashi wanda ba kasafai ake ambatonsa ba: in uwa ce ta jawo, to akwai magani, watau a zauna da ita da ɗanta a yi ta zance har a warware ƙullin. In kuwa halitta ce, likitan wancan zamani ba shi da abin bayarwa. Mutum kuwa ya fi son bayanin da ya bar masa aikin yi.

Wanda ya kai ra'ayin ƙololuwa shi ne Bruno Bettelheim. An haife shi a Biyena a 1903, 'yan Nazi suka tsare shi a sansanonin Dachau da Buchenwald daga 1938 zuwa 1939, ya kuɓuta ya isa Amurka, ya shugabanci wata makarantar kwana ta yara masu larurar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Shikago daga 1944 zuwa 1973. A littafinsa na 1967, The Empty Fortress, watau ganuwar da babu kowa a cikinta, ya kwatanta yaron da fursunan sansanin da ya fid da rai ya daina kula kowa, ya ce abin da ke tura yaro cikin wannan hali shi ne ya fahimci iyayensa sun gwammace da babu shi. Ku duba nauyin maganar: in yaro fursuna ne, wane ne gandiroban? Maganinsa shi ne a raba yaron da gida. Ya yi da'awar cewa mafi yawan yaransa sun sami sauƙi, manyan jaridu suka yabe shi, talabijin ta yi ta gayyatarsa. Sai bayan mutuwarsa a 1990 ne wasu tsofaffin ɗalibansa suka fito suka ce yana dukansu, sa'an nan littafin tarihinsa da Richard Pollak ya wallafa a 1997 ya nuna cewa digirinsa na falsafa ne, kuma kafin yaƙi sana'ar katako ta gidansu yake yi.

Yanzu mu koma ga uwar da ta shigo ɗakin likita riƙe da hannun ɗanta. Ta yi shekara uku ko huɗu tana kiran yaron da ba ya amsawa, tana ɗaukar yaron da ke sandarewa in an rungume shi, ga rashin barci, ga maganganun maƙwabta. Likita ya dube ta ya ga mace a gajiye, fuska a ɗaure, sai ya rubuta cewa ba ta da ƙauna. Abin da lalurar ta haifar shi ya ɗauka a matsayin abin da ya haifi lalurar. Kuma tarkon ba shi da mafita. In ta zo da littafin da take rubuta halin yaron kullum, a ce ga shaidar tana ɗaukar ɗa kamar abin gwaji. In ta yi kuka, a ce laifinta ne ke cin ta. In ta musa, a ce musun ma alamar ciwon ce. A asibitoci da dama sai ta yarda a yi mata nata maganin zancen kafin a karɓi yaron. Ra'ayin da kowace amsa ke tabbatar da shi, a ganina, ya fita daga ilmi. Zurfin karatun iyayen ma yana da bayani mai sauƙi: a shekarun 1930 wa zai ɗauko yaro daga Misisifi zuwa Baltimo, in ba mai hali da sanin inda ƙwararru suke ba? Binciken Eric Schopler a 1979 da na Lorna Wing a 1980 sun nuna ana samun lalurar a gidan attajiri da na talaka.

Akwai kuma tambayar da ba su yi wa kansu ba, wadda Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa: da wane mudu ake auna ƙauna? A al'adarmu uwa takan yi kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko wata 'yar'uwa ke riƙonsa. Da Bettelheim ya shigo gidan Bahaushe da mudunsa, da ya yanke wa rabin matan unguwa hukunci. Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun wallafa bincike a 1977 a kan jarirai 18 a wani gari na ƙasar Hausa, suka tarar kowane jariri yana da masu reno da yawa, yana kuma shaƙuwa da fiye da mutum guda, ba tare da wata illa ba.

Waɗanda suka fara rushe ra'ayin iyaye ne, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bernard Rimland masanin halayyar ɗan Adam ne mai aiki da rundunar ruwa ta Amurka. An haifa masa ɗa mai otizim a 1956, ya san kuwa matarsa ba firji ba ce, sai ya duƙufa karanta duk abin da aka taɓa rubutawa. Littafinsa na 1964 ya jera hujjoji masu wuyar turewa. Uwa ɗaya ta reni 'ya'ya huɗu, ɗaya kaɗai ya kamu. Maza sun ninka mata sau uku ko huɗu. Ga kuma ɗimbin yaran da iyayensu suka wulakanta da gaske, ba su kamu ba. Kanner ne ya rubuta wa littafin gabatarwa. A Ingila iyaye sun kafa ƙungiyarsu a 1962, cikinsu har da Lorna Wing, wadda likita ce kuma uwa. Ta Amurka ta biyo baya a 1965, kuma a taronta na 1969 Kanner ya tashi gaban iyaye ya ce ya wanke su. Gaskiya dai sai a faɗe ta duka: Rimland da kansa daga baya ya rungumi zargin cewa allurar rigakafi ke jawo otizim, zargin da manyan bincike suka ƙaryata.

Daga nan shaidu suka yi ta taruwa. An lura cewa yara da dama masu otizim sukan kamu da farfaɗiya in sun kai balaga, abin da ke nuni ga ƙwaƙwalwa. A 1971 Stella Chess ta sami lalurar da yawa a cikin yaran da iyayensu suka yi ciwon rubela, mai kama da ƙyanda, suna da cikinsu. Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1977 daga Landan, inda Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye 21 waɗanda aƙalla ɗaya daga cikin kowane biyu ke da otizim. A cikin tagwaye 11 na ƙwai guda, masu gādo iri ɗaya sak, an sami 4 da dukansu biyu suka kamu. A cikin 10 na ƙwai biyu, ba a sami ko ɗaya ba. Uwa ɗaya, nono ɗaya, gida ɗaya, abin da ya bambanta su gādo ne. Adadin kaɗan ne, amma binciken da aka yi daga baya a kan dubban tagwaye ya ƙarfafa shi. A 1980 kundin cututtuka na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ware otizim daga taɓin hankali, ya sa shi cikin larurorin girman yaro.

Kada a ɗauka ina cewa reno ba ya tasiri. Rutter ɗin nan ya bi sawun yaran da aka kwaso daga gidajen marayu na Romaniya bayan 1989, inda aka bar jarirai kwance ba mai ɗauka ba mai yi musu magana, ya tarar kaɗan daga cikinsu suna da hali mai kama da otizim, wanda a wasu ya ragu bayan sun shiga gidaje. Amma tsakanin wannan ƙunci da uwar da ba ta cika fara'a gaban likita ba akwai tafiya mai nisa. Maganin zance ma bai mutu ba, aikinsa ne ya sauya. Tun 1972 jihar Karolina ta Arewa ta ɗauki tsarin Schopler, wanda ya mai da iyaye abokan aikin likita wajen koyar da yaro. A yau ana amfani da maganin zance don rage fargabar da ke yawan addabar masu otizim, da kuma sauƙaƙa wa iyaye nauyin da ke kansu. Daga shekarun 1990 kuma masu otizim da kansu suka fara magana, suna cewa a ɗauke su a matsayin masu ƙwaƙwalwa ta wani tsari dabam. Ba ko'ina ne aka saki tsohon ra'ayi da wuri ba: a Faransa sai a 2012 hukumar lafiya ta ƙasa ta fitar da rahoton da ya ƙi sa hanyar Freud cikin hanyoyin da ta amince da su.

Saura mu ji ƙarshen yaran nan 11. Kanner ya bi sawunsu ya buga sakamako a 1971. Waɗanda aka kai manyan gidajen mahaukata na gwamnati su suka fi lalacewa, har abin da suka iya a da ya zube. Donald ma an taɓa kai shi wani gidan ajiye yara a 1937, amma bayan kimanin shekara guda iyayensa suka je suka ɗauko shi. Ya yi 'yan shekaru a hannun wasu manoma mata da miji, ya dawo gida, ya gama sakandare, ya sami digiri a fannin Faransanci a 1958. Ya kama aiki a bankin garinsu, ya koyi tuƙin mota, ya yi tafiye-tafiye zuwa ƙasashe da dama shi kaɗai. A garin nan na Forest ya rasu a watan Yuni na 2023, yana da shekara 89.