Harsashin .303 a Ƙasar Hausa

Harsashin .303 harsashin doguwar bindiga ne da sojan Ingila suka ɗauka a ƙarshen shekarun 1880, suka kuma riƙe shi har cikin shekarun 1950. Yana cikin harsasai masu cin dogon zango na farko da suka shigo ƙasar Hausa da yawa. Da shi aka ci Kano da Sakkwato a 1903, da shi kuma sojoji da 'yan sandan Najeriya suka yi aiki har bayan samun 'yanci. A Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu ya koma harsashin farauta da gasar harbi. A nan kuwa kayan hukuma ya zo, kayan hukuma ya tsaya.

Lambar .303 faɗin ramin bututun bindigar ne a ma'aunin inci, wato kimanin milimita 7.7. Kwanson na tagulla ne, tsawonsa milimita 56, da ɗan leɓe a gindi wanda bindiga ke kamawa ta fizgo shi bayan an harba. Kan harsashin dalma ce da aka yi wa rigar ƙarfe. Na farko da aka ƙera domin bindigar Lee-Metford baƙin albarushi aka ɗura masa, irin mai turnuƙe wuri da hayaƙi. A 1891 aka koma wa sabon albarushi mai suna cordite. Wanda ya taɓa ganin an fasa tsohon kwanso zai tarar ba gari ba ne a ciki, waɗansu siraran tsinkaye ne masu ruwan ƙasa, jere kamar ɗanyar taliya. Ba ya hayaƙi sosai, yana kuma tura harsashi da ƙarfi, sai dai zafinsa yakan cinye zanen da aka murɗa a cikin bututu, wanda shi ke sa harsashi ya tafi yana juyawa ba ya karkata. Wannan ya sa aka sake fasalin zanen a masana'antar Enfield, aka samu Lee-Enfield a 1895. A 1910 aka fito da samfurin Mark VII mai tsinin kai, nauyinsa giram 11 da ɗoriya, gudunsa kusan mita 740 a daƙiƙa guda.

Kafin zuwansa ƙasar Hausa ta san bindiga, amma ta ɗuri. Maharbi zai tsayar da adaka a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya bi da dalma ko guntayen ƙarfe, ya danna da sanda, sannan ya ɗana. Cikin bututun sumul yake, don haka da abin harbi ya ɗan yi nisa sai dai a yi ta sa'a. Ba banza ba ake ce mata harba-ka-ruga. Duk da haka ta yi tasiri. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, aka kuma ƙera masa igwa da albarushi a cikin Zinder. Masarautar Gumel, wadda ta taso da fadarta daga Tumbi zuwa Gumel a 1845, ta ɗanɗana kuɗarta a hannun Damagaram, domin hare-haren ƙarshen ƙarnin sun kwashe mata jama'a masu yawa.

Abin da ya hana sarakunan nan riskar sabon harsashin ba rashin dukiya ba ne kawai. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda da sunan yaƙi da cinikin bayi ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani da harsasansu, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ɗuri da albarushin kasuwa. Ko da niyyar hana bauta gaskiya ce, sakamakon a fili yake: ranar da aka yi gaba da gaba, ɓangare ɗaya na harbi daga ɗaruruwan mita, ɗayan kuwa sai ya matso kusa.

Rundunar Ingila da Lugard ya kafa a 1897, wadda Hausawa da Yarabawa suka fi yawa a cikin sojojinta, ta zo da dogayen bindigogi da Maxim mai jigida. Mutanen Kanar Morland da suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ba su kai dubu ba. A ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, sojoji ƙasa da hamsin suka haɗa baya suka yi sahu ta fuska huɗu, baraden Kano suka yi ta kawo sukuwa suna zubewa, a nan Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama. Lifidi da sulke an yi su ne domin kibiya da mashi, dalma mai rigar ƙarfe ba ta san da su ba. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Sarkin Gumel Ahmadu ya yi mubaya'a a shekarar ba tare da yaƙi ba. Maƙwabciyarsa Haɗejiya ta ƙi, kuma a watan Afrilu 1906 aka kashe Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, tare da manyan jarumansa a cikin garinsa.

Satiru ce ta nuna inda ƙarfin harsashin yake da inda ya ƙare. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 talakawan garin masu gatari da fartanya suka auka wa sojoji kafin su gama ɗaura sahu, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace Maxim. Da tazara ta ɓace, fifikon ya ɓace. A watan Maris aka dawo musu da shiri, aka buɗe wuta tun daga nesa, aka shafe garin. Jarumtakar mutanen ba ta ragu ba tsakanin Fabrairu da Maris, filin da ke tsakaninsu da bakin bindiga ne ya ƙaru.

Bayan haka 'ya'yan waɗanda aka harba da .303 suka zama masu harba shi. Sun ɗauke shi zuwa Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin duniya na ɗaya, sannan zuwa Bama a na biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Tsohuwar Lee-Enfield mai cin harsashi goma, wadda 'yan sanda ke kira Mark 4, ta daɗe a kafaɗarsu a ƙofar banki da caji ofis bayan soja sun koma harsashin 7.62, irin wanda masana'antar DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 take ƙerawa.

A ƙasashen waje rarar bindigogin yaƙi ta zube kasuwa da araha, manoma suka saya suna harbin namun daji. A filin Bisley na Ingila an yi shekaru da dama ana gasa da .303 har tazarar yadi 1,000. Daga irin wannan gasa harsasan zamani suka fito. Fitacce a cikinsu shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady na Amurka ya fitar a 2007, aikin Dave Emary da Dennis DeMille, da sunan wani tsohon filin harbi na New York inda Amurkawa da mutanen Ailan suka kara a 1874. Kansa siriri ne dogo, iska ba ta cika kautar da shi ba, kuma ba ya dukan kafaɗa sosai, shi ya sa 'yan gasa da mafarauta suka rungume shi.

Maharbin Gagarawa ko Sule Tankarkar a ƙasar Gumel bai shiga wannan tarihin ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa dogayen bindigogin soja masu cin .303 da 7.62 cikin haramtattu, sai da iznin shugaban ƙasa. Na farauta masu wani awon daban suna buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka da ire-irenta kuwa na Kwamishinan 'yan sandan jiha. Kusan rabon da aka yi a Brussels ke nan, an sake rubuta shi. Ga shi kuma dajin ya zama gona, abin da ya rage zomo ne da zabo da ɗan abin da ba a rasa ba, waɗanda kare da gora da adaka suka ishe su. Ko a yankin ciniki maras haraji na Maigatari, inda aka sassauta wa kaya iri-iri, dokar 1992 da ta kafa irin waɗannan yankuna ta hana shigar da bindiga da harsashi, in ba jami'an tsaro ko wanda hukumar yankunan ta ba izni ba.

Takurawar tana da hujja, domin ƙasar da ke fama da zubar da jini ba ta buƙatar ƙarin bindigogi a gidaje. Abin baƙin cikin shi ne mai bin doka kaɗai ta kama. Ƙasashen ECOWAS sun ƙulla yarjejeniyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a Abuja a 2006, amma tun da rumbunan makaman Libiya suka fashe a 2011 harsashin AK-47, mai awon 7.62×39, ya ƙara kwararowa yankin Sahel ta hanyoyin da babu shingen kwastan. Ba ya cin nisan .303, sai dai bindigarsa na cin talatin a ɗuri ɗaya. Shi ne a hannun ɓarayin daji a Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi, 'yan sa-kai da maharban da ke tare su a bakin ƙauye kuwa galibinsu baushe da adaka suke riƙe da su.