Goro da Agogon Jiki: Daga Salaga Zuwa Nima

Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19, goro ne ke sa su shafe watanni a hanya. A kasuwar Salaga suke sayen wanda aka kawo daga dazukan Asante, su ɗora wa jakuna, su juyo gida. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, sannan yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar garin. Wasu suka sauka Karaci, wasu suka gangara bakin teku, birnin Akra da Hausawa ke ce wa Ankara, suka ƙaru a zangunansa. A nan Alhassan Ɗantata ya zauna wani lokaci, yana aika goro Ikko ta jirgin ruwa.

Me ya ba ɗan itacen nan wannan daraja? Ban da biki da suna da gaisuwar manya, yana kore yunwa da gyangyaɗi. Madugu ya san haka, almajiri mai karatun dare ma ya sani. Sirrin kuwa sinadarin kafeyin ne, wanda ke toshe kafar da adenosin ke bi ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya gaji.

Sai dai aikinsa ya wuce nan. A jikin mutum akwai agogo da wasu ƙwayoyin gado ke juyawa, suna kunnuwa suna lafawa cikin kimanin awa 24. Gano yadda suke aiki ne ya sa Hall da Rosbash da Young suka sami kyautar Nobel a 2017. Wani bincike na Jami'ar Colorado ta Amurka a 2015 ya nuna cewa kafeyin gwargwadon kofi mai ƙarfi, idan aka sha awa uku kafin kwanciya, yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke shelar dare a jiki, da kusan minti 40. Ba goro aka gwada ba, amma sinadarin ɗaya ne.

A ganina, nan ne tarihin ya taɓa mu. Dattijon Nima ko Mamobi da ya ɓare goro bayan isha'i a majalisa ya tura agogonsa gaba, alhali ladanin asuba yana nan a kan lokacinsa.