Tarihin Rarraba Jinsunan Gansakuka a Ƙasashen Sanyi na Arewacin Duniya

A wurin Bahaushe kalmar gansakuka ta haɗa koren abin da ke rufe bakin tafki da wanda ke manne wa bangon rijiya. Turawa ma sun daɗe cikin irin wannan haɗe-haɗe. Gansakukar da ake nufi a nan ita ce ta tudu, watau ƙaramin tsiro mai kara da ganye wanda ba shi da fure ko saiwa ta sosai. A yau an san jinsunanta kimanin 12,000, kuma a arewacin Suwidin da Finlan da Rasha da Kanada, inda itatuwa ke ƙarewa saboda sanyi, ita ke shimfiɗe a fadamu da duwatsu.

Babban littafi na farko a wannan fanni shi ne na Dillenius, Bajamushe shaihun malami a Jami'ar Oxford, wanda ya fito cikin 1741. Ya yi zane-zane masu kyau, amma ya cusa tsirrai iri-iri waɗanda ba dangin juna ba ne a ƙarƙashin suna ɗaya. Linnaeus na Suwidin kuwa ya ga gansakuka da idonsa a tafiyar da ya yi zuwa Laplan cikin 1732, har ya rubuta yadda mutanen Sami ke shimfiɗa ta a makwancin jarirai. To, amma da yake ya gina tsarinsa a kan ƙidayar sassan fure, sai tsiron da ba shi da fure ya gagare shi. Cikin littafinsa na 1753 ya tura ta rukuni na 24, na tsirran da auratayyarsu ke ɓoye, kuma ya zaci ɗan kwanson da ke kan silinta shi ne sashen namiji.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Johann Hedwig, likita wanda aka haifa cikin 1730, ya kuma koyar a Leipzig. Da madubin ƙara girma ya gano ainihin sassan namiji da na mace, ya nuna cewa kwanson nan ma'ajin ƙwayoyin iri ne. Daɗin daɗawa ya lura da ƙananan haƙora da ke kewaye da bakin kwanson, waɗanda adadinsu kan zama 4 ko 16 ko 32 ko 64. Launin gansakuka da tsawonta suna sauyawa gwargwadon ruwa da inuwa, amma tsarin haƙoran nan ba ya sauyawa, don haka ya zama ma'aunin da za a dogara da shi. Hedwig ya rasu cikin 1799, aka buga littafinsa na ƙarshe cikin 1801. A taron masana tsirrai na Brussels cikin 1910 aka amince cewa daga wannan littafi ake fara lissafin sunayen gansakuka, ban da dangin Sphagnum waɗanda aka bar wa littafin Linnaeus.

Sai dai ma'aunin Hedwig ya gamu da cikas a ƙasashen sanyi. Lokacin ɗumi gajere ne, kuma jinsuna da yawa ba su cika yin kwanso a can ba, sukan yaɗu ne ta hanyar gutsattsarin jikinsu. Har ila yau iska da ƙanƙara kan tsuke tsiro har ya saɓa wa ɗan'uwansa na kudu. Wannan ya tilasta wa masana su koma ga ganye, su yanka shi siriri su duba siffar ƙwayoyinsa. Helsinki ta zama cibiyar wannan aiki a zamanin Lindberg, wanda ya rasu cikin 1889, da kuma almajirinsa Brotherus. Shi Brotherus malamin makarantar 'yan mata ne, amma ya shiga ayarin binciken yankin Kola cikin 1887, ya buga littafin gansakukar ƙasashen arewa cikin 1923, kuma samfurorin da ya tara, kimanin 120,000, suna Jami'ar Helsinki. Bayansa Elsa Nyholm ta Suwidin ta fitar da nata littafin mai zane tsakanin 1954 da 1969.

Daga shekarun 1990 binciken ƙwayoyin gado ya sake jujjuya tsarin, ya raba waɗansu da aka zaci dangi ne, ya kuma fito da jinsuna masu kama da juna waɗanda ido bai iya bambantawa. Cikin 2013 aka ba da rahoton cewa gansakukar da ta shafe kimanin shekara 400 a ƙarƙashin ƙanƙara a tsibirin Ellesmere na Kanada ta sake tohowa.

Amfanin wannan wahala a fili yake. Fadamun da gansakuka ta ruɓe ta taru a cikinsu ba su wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma sinadarin kabon da suka riƙe ya fi na itatuwan dazuzzukan duniya duka. Kowane jinsi na Sphagnum yana da gwargwadon laimar da yake so, saboda haka jami'in da ya iya tantance su zai gane fadamar da ta fara bushewa tun kafin ta sake abin da ta riƙe cikin iska.