Salaga: Kasuwar da Doka Ta Kafa

Duk wanda ya tashi a gidan tsofaffin fatake ya san kalmar Gwanja. In aka ce wane ya tafi Gwanja, to iyalinsa sun san sai dai a yi ta addu'a, don zuwa da dawowa kan ci shekara guda. Amma Gwanja ƙasa ce mai faɗi, a arewacin Ghana ta yau, kuma garin da ayari ke nufa a cikinta shi ne Salaga.

Abin mamaki shi ne, Salaga ba ta noman goro. Goro ɗan kurmi ne, can kudu a ƙasar Asante yake yi. Garin ba ya bakin babban kogi, ruwan sha ma wahala yake, shi ya sa mutane suka yi ta haƙa rijiyoyi har ake masa laƙabi da gari mai rijiya dubu. To me ya tara Bahaushe da Babarbare da Bawangare da Bayarabe a irin wannan wuri?

Siyasa ce ta tara su. A ƙarni na 18 Asante ta ci Gwanja da yaƙi. Daga baya sarakunan Kumasi suka hana fataken arewa kutsawa cikin kurmi su sayi goro da kansu. Mutanen Asante ne za su ɗauko shi a ka su kawo bakin iyaka, su kuma 'yan arewa su tsaya nan su jira. Dabara ce ta mai kaya: ya san abin da ya fita, ya karɓi harajinsa, baƙo kuma bai san gonar ba balle ya karya farashi. Salaga ita ce wurin jiran, kuma jira shi ya mai da ita birni, domin wanda zai yi wata biyu a gari dole ya nemi mai masauki, da dillali, da mahauci, da malamin da zai ja masa salla.

Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu. Su haye Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci. Dawowa ta fi zuwa wuya, don goro ba ya son bushewa: sai an riƙa kwance huhu a hanya, a tsince ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba in ana tuna daɗin Gwanja. Salaga babbar kasuwar bayi ce. Da yawa daga mutanen da Zabarmawa irin su Babatu suka kamo a ƙasar Gurunsi a shekarun 1880, nan aka sayar da su.

A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi. Mutanen gabashin Gwanja suka ga dama ta samu, suka yi wa Asante tawaye. Sun sami 'yanci, amma sun rasa goro, domin Asante ta juya kayanta zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Garin yana cikin wannan rama sai rikicin sarauta ya ɓarke a Kpembe, mazaunin sarakunan da ke kusa da shi, a 1892. Yaƙin basasar nan ne ya watsa Salaga.

A nawa ganin, nan ne tarihin ya fi daɗin bi, domin watsewar ba ta kashe al'ummar ba, shuka ta ta yi a wurare da yawa. Wasu suka gangara Kete-Krachi a bakin kogin Volta, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a can a 1934. Wasu suka nufi Yeji da Kintampo da Accra. Da Turawa suka mamaye Kumasi a 1896, tsohon hanin ya faɗi, Bahaushe ya shiga har tsakiyar kurmi ya kafa unguwa. Zango, wanda a da wurin kwanan ayari ne na dare ɗaya ko biyu, ya zama sunan mazauni na dindindin, da sarkinsa da limaminsa. A cikinsa Hausa ta zama harshen kowa, har wanda kakansa Bamoshe ne ko Badagombe.

Hanyar ƙasa kuwa jirgi ne ya ƙarasa ta. Goro ya koma bin teku zuwa Legas, kuma da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Salaga tana nan har yau, ƙaramin gari ne, ana kai baƙi su ga rijiyoyin da wurin da aka daure bayi. Tsohuwar Kete-Krachi, inda 'yan gudun hijirar 1892 suka sauka, tana ƙarƙashin tafkin Volta tun bayan da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.